Mai Tulu Tsakanin Akwati Biyu

Ankamma ba ta yarda da mutum a ganin farko, a na biyu ma sai ta ƙara dubawa. A gidan masu wasan inuwa aka haife ta, cikin warin fatar akuya da man fitila, ta yi aure a wani gidan masu wasan, ta tsufa tana huda fata tana shafa mata launi. Mijinta Kondayya ke kaɗa 'yan tsanan fata a bayan farin labule yana rera labarin babban yaƙin jarumai da dodanni. Ita kuwa tsaron akwatuna ne aikinta.

Akwatin biyu ne, na jarumai da na dodanni, kuma tun kakanni ba a haɗa su kwana. An ce in aka haɗa, yaƙin nasu zai dawo cikin gida.

A cikin 'yan tsanar akwai wata ƙarama da ake kira Mai Tulu, kukun sarkin dodanni. Sau ɗaya take fitowa a duk labarin: ta iske jarumi kwance da rauni, ta ba shi ruwa, ta koma madafar ubangidanta. 'Yan kallo lokacin suke tashi sayen gyaɗa. Wurinta akwatin dodanni ne.

Bayan an kawo Subbulu, matar ɗansu, sai Ankamma ta fara tsintar Mai Tulu cikin jarumai. Ta mayar, ta sake samunta can. A watan nan labule ya kama wuta a gefe, saniya ta yi ɓari. Subbulu kuwa 'yar gidan da suke takarar wasa da su ce.

"Ke 'yar nan, ubanki ya aiko ki aure ne ko aiki?"

"Inna, ni ko murfin ban taɓa ɗagawa ba."

"To da ƙafarta take tafiya ke nan."

Ankamma ta rantse a gaban kowa cewa in ta kama mai yi, a ranar zai bar gidan. Kowa ya san wa take nufi. Subbulu ta daina cin abinci sosai, ta ɗaure 'yan kayanta ta tura ƙarƙashin gado.

Da farko kurkum ta so shafa wa sandar da ake kaɗa Mai Tulu da ita, sai ta tuna duk macen da ke girki hannunta rawaya ne. Ko zarginta ba ya son hujjar banza. Ta shafa shuni, ta rufe akwati, ba ta faɗa wa kowa ba.

Da safe ta kama hannun Subbulu ta juya shi ciki da baya, har ƙarƙashin farce. Ba komai. Ta ce a ranta yarinyar ta wanke ne. Sai ta kai wa Kondayya kunun shinkafa, ya miƙo hannu, yatsu uku sun yi shuɗi.

"Tsoho, rini ka koma?"

Ya dubi hannun, bai ɓoye ba. "Mai Tulu ta ba jarumin ruwa, Ankamma. Ba don ita ba, nan labarin zai ƙare. Na gaji da kulle ta da masu cin mutane."

"Ta ba shi ruwa, ta koma ta dafa wa dodo tuwon da ya ci ya kashe ƙannen jarumin."

"Ina za ta je? 'Ya'yanta na can."

"Kai kuma kana zaune ana wa 'yar mutane sharri, ka yi gum."

"Tsoronki nake ji."

Wannan kam ta yarda da shi nan take.

Rantsuwar ce ta rage. Ba ta janye ba. Ta naɗe masa tabarma ta kai rumfar shanu, wadda take wajen katanga, ta faɗa wa duk gidan dalili da babbar murya. Can ya zauna har aka gama girbi.

Ba ta ba Subbulu haƙuri ba, ba ta iya ba. Makullin akwatunan ta kwance daga ƙugunta ta jefa mata a cinya.

"Inna, Mai Tulu fa, wanne zan sa ta?"

"Na dodanni. Amma a sama, kada su danne ta."

Har ta mutu, duk safiya sai ta sa an buɗe mata akwatunan ta leƙa.