Zoɓon da Ya Raba Raihanatu da Salaga

Raihanatu 'yar Bawku ce. Mahaifinta kuku ne a wata makarantar kwana, kuma a wurinsa ta koyi 'yan wasannin da take kira siddabarun madafi. Ƙwai ya nutse a ruwa, a zuba gishiri ya taso. A barbaɗa yaji a kan ruwa, a tsoma yatsa mai sabulu, yajin ya watse gefe. Da aure ya kai ta Salaga, gidan Sidiku mai fataucin doya, sai ta kama sana'ar zoɓo, wanda a can ake ce wa sobolo. Shekara goma sha ɗaya tana dafawa tana kaiwa tasha, ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

'Ya'yanta biyu, Nazif da Ubaida, wasan zoɓon suka fi so. Za ta zuba jan zoɓo a kofin gilashi, ta ce su rufe ido, ta ɗiga ruwan kanwa. Kafin su buɗe ya koma baƙi mai ratsin kore. Sai ta matsa lemon tsami, ya yi 'yar kumfa, jan ya dawo. Su yi ta dariya suna cewa ta sake.

Wata Laraba da hantsi ta yi musu wasan, Zakir yana wurin. Ɗan maƙwabcinsu ne, Mikaila mahauci, shekararsa shida. Ya ce zai ɗanɗana, ta ba shi kurɓi ɗaya. Ran Juma'a zazzaɓi ya kwantar da shi, ran Asabar ya fara sanƙarewa. Cikin zafin ciwo ya yi ta cewa, "Mma Raiha ta mai da baƙin ruwa jini, na sha."

Sidiku yana Makango wurin lodin doya lokacin da mutanen unguwa suka zo. Bayan azahar ne, tana tace zoɓo a tsakar gida, sai ƙyauren ya faɗo ciki. Mikaila ne a gaba, bayansa maza da mata sun fi talatin.

"Sakar mini kurwar ɗana," in ji shi.

"Baban Zakir, kanwa ce da lemon tsami. Tsaya in nuna maka."

Ta ɗauka in sun gani da idonsu za su gane. Ta cika kofi, ta ɗiga kanwa a gabansu, ta faɗi sunan abin da ta ɗiga. Zoɓo ya yi baƙi. Ta matsa lemo, ya koma ja. Can wata mata ta ce, "Kun gani, ko kunya ba ta ji."

Mikaila ya kwaɗa mata mari, kofin ya fashe a bakinta. Aka ja ta da gashi har waje. Wani ya kifar da tukunyar zoɓo mai zafi a ƙafafunta. Ta ɗaga hannun dama don ta kare kanta, taɓarya ta sauka a kai, ta ji ƙarar karyewar ƙashin kafin ta ji zafinsa. Nazif ya riƙe ƙafar mai taɓaryar, aka yi jifa da shi jikin bango. Ita dai abin da take ta faɗa shi ne a kai Ubaida ɗaki, kada ta gani. A cikin masu jifanta da dutse ta gane mata biyu da suke shan zoɓonta kullum.

Tsohon limamin unguwa ne ya kutsa da sandarsa. Ya cire rigarsa ya rufe ta, ya zauna a ƙasa kusa da kanta, ya ce duk mai sauran dutse ya fara da shi. Suka tsaya suna huci, sannan suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

A daidai lokacin, Azara uwar Zakir ta riga ta goya shi a babur zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Kwana biyar aka sallame shi. Raihanatu kuwa ta yi wata biyu a kwance, ta rasa haƙora uku, hannun bai ƙara miƙewa ba.

Sidiku ya kwashe iyalinsa suka koma Yendi, wurin yayansa. A can ta koyi tuya da hannun hagu, tana sayar da ƙosai a bakin kasuwa. Ba ta son taro. In ta ji hayaniya, sai ta sauke kasko ta shige gida.

Bayan shekara biyu Azara ta zo Yendi, ta yi ta tambaya har ta same ta. Ta durƙusa a gaban murhu. Raihanatu ta daɗe tana kallonta.

"Yaya Zakir?"

"Yana aji uku, Yaya."

"Allah ya raya shi. Matsa daga nan, mai zai fallatsar miki."

Azara ta matsa. Ta zauna a kan benci har ƙullun ya ƙare, ta taya ta ɗaukar kasko zuwa ƙofar gida. Raihanatu ba ta ce ta shigo ba. Ta karɓi kaskon, ta nuna mata hanyar tasha.