Allurar Tana Nan a Cikin Jadawali

Ina kan keken ɗinki a shagona na Gumel, bayan la'asar, matar ƙanena ta kira. Da wayar maƙwabta ta kira, domin a ƙauyensu, gaba da Sule Tankarkar, layin Nijar ne kaɗai ke kamawa sosai. Ta ce, "Yaya, sai haƙuri." Ba ta iya ƙarasawa ba. Na ɗauke ƙafata daga kan keken.

Kububuwa ce ta sari ƙanen nawa yana ɗaga damin gero, kwana biyu kafin nan. An kai shi a babur ƙaramin asibitin da ke kusa, ba su da allurar dafin maciji. Suka gwada wani a hanyar Maigatari, nan ma babu. Sai suka dawo gida aka shiga jiƙe-jiƙe, jini na fita ta dasashinsa. Shi ya hana a gaya mini, wai kada a tayar mini da hankali.

Ranar sadakar uku ɗan goggona ya zo gaisuwa. Abokin wasana ne tun muna yara, ina ce masa Bature, yana ce mini Sarkin Zare. Yana aiki a wani ofis da ke saka bayanan gwamnati a intanet. Bayan addu'a ya matso kusa da ni a kan tabarma.

"Abin da ke ƙona mini rai," in ji shi, "allurar tana nan. Kowane mako muna fitar da jadawalin asibitocin da ke da ita. A makon nan akwai a wani asibiti wajen Gagarawa. Da sun duba..."

Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba. Amma har yau ban yafe masa wannan "da sun duba" ba.

Na ce, "Buɗe mini in gani."

Ya ciro babbar wayarsa, ya ɗaga ta sama, ya zagaya bayan rumbu, ya hau tudun bakin rijiya. Masu zaman makoki suna kallonsa. Ya dawo ya ce sabis ne babu.

"To, Bature, kai da ka ƙera abin ka kasa. Wa kake so ya duba?"

Ya mayar da wayar aljihu.

Bayan mako guda ya same ni a shago, ya buɗe shafin ya miƙo mini. Sai da muka jira kafin ya sauko. Turanci ne zalla, layi-layi, haruffan ƙanana kamar ƙwayar gero, sunayen magunguna duk a gajarce. Na yi firamare, ina karanta jarida, amma na kasa gano inda allurar take sai da ya ɗora yatsa.

"Ka gani? A buɗe yake, ba a ɓoye wa kowa ba."

"Matar marigayi ajami take karantawa. Wayarta mai madannai ce, tocila ce babban aikinta. Ita ma ba a ɓoye mata ba?"

"Haba, Sarkin Zare."

"Kada ka ƙara kirana da wannan sunan."

Ya gyara zama. Ya ce ana shirin sabon tsari wanda zai tafi da kowa, da Hausa, da murya saboda makafi da waɗanda ba su yi boko ba, an ma kafa kwamiti. Na ce ba sai an jira kwamiti ba. Kowace kasuwa a ƙasar nan tana da mai shela. In akuya ta ɓata, shi ke zagayawa da lasifika, kafin azahar kowa ya ji. A ba shi sunayen asibitocin ranar kasuwa ya faɗa. 'Yan acaba su ji, tunda su ke ɗaukar wanda aka sara.

"Ba ni da izinin fitar da shi ta wannan hanyar."

"Yanzu ka ce a buɗe yake."

"A shafi, Yaya. Hanyar da aka amince ke nan. In mai shela ya yi kuskure, wa za a kama?"

"Da ƙanena ya mutu wa aka kama?"

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya ce in rubuta takarda zuwa ofishinsu, zai tura ta gaba. Ban raka shi ba.

Na rubuta da hannuna, shafi ɗaya, ban zagi kowa ba. Mai unguwar ƙauyen ya sa hannu. Bayan kwanaki takardar ta dawo ta hannun wani direba, da saƙon cewa a mayar da ita Turanci a buga da inji kafin a karɓa.

Ɗan goggona zai iya wannan aikin kafin shayi ya huce, amma ba zan roƙe shi ba. Ina juya ta da kaina, kalma bayan kalma, tsakanin ɗinki da ɗinki. A ƙauyen ba a gama kwashe dawa daga gona ba, kububuwa kuma tana nan. Na kai rabin takardar, saura rabi.