Cefanen Lahadi a Bakin Kogi

A gidanmu mace ba ta fita haka kawai. Kafin ki kai zaure wani ya jefo miki "Ina zuwa?", kuma dole amsar ta zama wuri mai suna: kasuwa, asibiti, barka, gaisuwar rasuwa. Ki kuskura ki ce za ki je ki taka a ƙarƙashin itatuwa ki dawo, sai a fara shawarar malamin da za a kai ki wurinsa. Shi ya sa duk ranar Lahadi nake fita da kwandon cefane.

Inna ta dawo hannuna ne bayan hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki. Daga Madarunfa aka kawo ta gidana a unguwar Lazaret, ƙafa ɗaya tana ja, idanu sun yi hazo. Ni ce babba, ni ce mace. Ƙannena maza biyu suna nesa, nasu aikin a salula yake: "Yaya, Allah ya ba ki lada." Ladan kuwa ni ke wanke shi, ni ke shanya shi. In na taso daga lakwal inda nake koyarwa, da hayaniyar yara cike da kaina, sai wanka, sai miyar da ba gishiri, sai matsa ƙafa. Ina son uwata, Allah ya sani. Amma kafin Asabar ta zo haƙorana har ciwo suke don cizon da nake musu.

Wata Lahadi na tafi kasuwar Petit Marché da niyyar cefane na gaskiya. Ina tsaye bakin hanya sai ga faba-faba, irin ƙananan motocin hayan nan namu da ake cusa mutane kamar buhunan albasa, ana kiran masu ƙetare gadar kogi. Ba ni da kowa a can, amma na shiga. Na sauka a Kirkissoye inda gidaje suka fara ƙarewa, na bi wata 'yar hanya da ta gangara tsakanin gonakin shinkafa da kogi.

Hanya ce ta ƙasa, bisa tudun da aka yi don tare ambaliya. Gefe guda lambuna ne da mangwaro da dogon yaro, inuwa na miƙa ki ga inuwa. Ɗaya gefen ruwa ne shimfiɗe, da balbelu, da jirgin masunta yana tafiya kamar ba ya so. Can gaba akwai wani tafki da ambaliya ke bari, bado ya rufe fuskarsa. Mata masu wanki suka gaishe ni da yarensu, "Fofo", na amsa, ba wadda ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na yi ta tafiya har cinyoyina suka yi tsami, kuma a duk tsawon hanyar ba wanda ya buƙaci komai daga gare ni. Da zan koma na sayi zogale da salati wurin masu lambu, kwando ya cika, shaida ta samu.

Haka na mayar da shi aiki. Inna ma har yabon cefanen take, wai yanzu na iya zaɓen ganye.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ina zaune ina matsa mata ƙafa, hannunta mai lafiya yana wasa da bakin zanena, sai na ji ta tsaya. Ta ciro wani abu ta murza tsakanin yatsu.

"Ke, yaushe ƙarangiya ta hito a Petit Marché?"

Ta jawo zanen ta shinshina.

"Warin laka ne. Ni za a ɓoye wa ruwa? A bakin tabki aka yanke mini cibi." Ta saki zanen. "Wurin da kike zuwa, akwai bado?"

Na ce akwai. Ina jiran faɗa, har na shirya amsoshi masu zafi, amma ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, a hankali, "Ki kai ni in gani, ko sau guda."

Na kai ta. Ba zan ce da zuciya ɗaya ba. Shigar da ita faba-faba kawai sai da mutum uku suka sa hannu, direba yana ta danna oda, ni kuma ina zufa ina haɗiye tsaki. Wata mata ta bar mata gefen taga. Muna kan gada iska ta bugi fuskarta, sai ta juya wurin matar ta ce da ƙarfi, "Ɗiyata ce wagga. Ita za ta kai ni ganin ruwa." Ni 'yar fari ce. Tun da nake ban taɓa jin ta kira sunana ba, balle ta nuna ni a gaban mutane ta ce tata ce, kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba. Ranar da ta faɗa kuwa, fuskata a ɗaure take ina kallon wani gefe.

Tafiyar da nake yi kafin in fara jin numfashina, da ita sai da muka huta sau da yawa. Da ƙyar muka kai tafkin. Na shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro, ta ce in cire mata takalma, in ɗebo ruwan in zuba mata a ƙafa. Na zuba. Ta rufe ido, bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin yadda suke nutso su tsinko 'ya'yan bado, da yadda kakata ke jiran su da tsumagiya, da wata ƙawarta da ta fi kowa iyo. Tana dariya da rabin bakin da ya rage mata. Rabon da in ji ta haka tun kafin ciwon.

Ni kuwa haushi nake ji. "Ke, gyara mini ƙafa." "Ke, mi ke kuka can?" "Ke, miƙo ruwa." Wuri ɗaya tak da nake da shi a duniya wanda ba a ce mini "ke", ga shi an ce. Ji na yi kamar an shigo mini ɗaki da takalmi. Na san mugun tunani ne, ina yi ina istigfari, amma bai fita ba.

Da muka dawo, unguwa duka sai da ta ji. Maƙwabta suna tare ni a hanya suna sa mini albarka, wai irina ake nema. Ƙannena suka kira suna ta yabo. Kowace albarka sai ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Lahadi ta zagayo. Na fito da kwando na tarar da ita zaune bakin gado, ta sa a ɗaura mata kallabi, mayafinta na zuwa biki a kafaɗa, takalma a jere gabanta. Na ce, "Inna, yau kasuwa ce da gaske, kayan da yawa." Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Na fita na hau motar ƙetare gada.

Ta gaba na ce rana ta yi zafi. Ta gaba na ce ƙafarta ta kumbura, kuma ta ɗan kumbura ɗin, na ji daɗin samun gaskiyar da zan fake da ita. Kullum da daren Asabar nakan ce gobe da ita zan tafi, kullum da safe sai in ga mayafin nan in fasa. Na koyi tsayawa a tasha in tsince ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, in roƙi mai lambu ruwa in wanke ƙafa. Hanyar tana nan yadda take, inuwar ma haka, sai dai na daina bi ta gindin mangwaron, ina kewaye shi.

Wata Lahadi gab da azumi na leƙa ɗakinta na ga ba kallabi, ba takalma. Tana kwance ta fuskanci bango, an ninke mayafin an ɗora kan akwati. Abin da na fara ji sauƙi ne, kuma har yau ban yafe wa kaina wannan sauƙin ba. Na ce, "Inna, na tafi kasuwa." Har na kai bakin ƙofa.

"Ke."

"Na'am, Inna."

Ba ta juyo ba. "In kin isa, ki gaida mini ruwan."

Na tsaya riƙe da labule. Da na ajiye kwandon na ɗauko mayafin, da shi ke nan. Sai na ji bakina ya ce, "Zai ji," kamar yadda ake amsa kowace sallahu, na saki labulen na fita.