Fanka ko Firji: Tafiyarmu da Inna a Motar Kwana

Rana ta farko: Birnin Kudu zuwa Gwaram

Muna idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, na tayar da mota a ƙofar gidanmu da ke Birnin Kudu. Inna ta riga ni shiga, ta zauna a bakin gado da carbinta, tana yi mini kallon wanda ya makara. Labari ne ya zo cewa yayarta, Iya Delu, tana kwance a ƙauyensu can gaba da Zandam, jiki ya yi tsanani. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna ta ce sai ta yi mako guda a gefenta, ko da kuwa a ƙafa za ta je.

Matsalar ita ce Inna tana da ciwon suga, kullum sai an yi mata allura safe da yamma, kuma likita ya ja kunnena cewa zafi yana kashe ƙarfin maganin ba tare da ya nuna a ido ba. Ga shi muna tsakiyar bazara, ƙauyen kuwa ko turken wuta bai taɓa gani ba. Zaman Inna na mako guda dai ya rataya a kan sanyin kwalba biyu na maganin allurarta.

Nan motata ta samu ranarta. Tsohuwar bas ce da na saya a gwanjo bayan na yi ritaya daga aikin da ya dawo da ni daga Kano lokacin da aka ba mu jiha. Na cire kujerun, na sa gado da ƙaramin firji da fanka da butar lantarki, na ɗora faifan sola a kan rufi, batir da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, kuma suna ƙarƙashin gado. 'Yan unguwa suka raɗa mata suna Kunkuru, wai tana tafe da gidanta kuma ba ta sauri. Mai gyaran wutar da ya haɗa mini kayan ya so a bar faifan a sake, yadda za a iya sauke shi a jingine inda rana take. Na ƙi, na sa aka ɗaure shi tam da ƙusoshi saboda tsoron ɓarayi. Ya kuma ce batir ɗaya ya yi kaɗan, na ce masa wannan karon dai zai kai mu.

Bayan Babaldu muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo, ya ga gado da firji da tsohuwa tana jan carbi.

"Alhaji, ƙaura ce?"

"Dubiya za mu."

"Da gadonku?"

Inna ta ce masa ɗanta ɗan yau ne, ba ya iya kwana a gidan mutane. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Da hantsi muka shiga Gwaram. Na cika tanki, domin an gaya mini daga nan sai mai na kwalba. Na sayi ƙosai da burodi a bakin tasha, Inna ta ce a ƙaro goro da sabulu na tsaraba. Kafin mu tashi na buɗe firji har sau biyu ina taɓa kwalaben. Inna ta ce in dai haka zan riƙa buɗe shi, da hannuna zan kore sanyin.

Gwaram zuwa ƙauyen su Inna

Daga inda kwalta ta ƙare Kunkuru ta fara nuna shekarunta. Yashi ya riƙe mu a wani busasshen rafi, sai da masu amalanke suka taimaka da turi. Kowane rami muka faɗa sai na ji kayan ƙarƙashin gado sun yi ƙara. Mun wuce Zandam rana ta take, muka isa ƙauyen ana kiran azahar.

Wanda ya fara tarar mu Hudu ne, ɗan kawuna, wato abokin wasana. Duk Bahaushe ya san wannan dangantaka: ya zage ka, ya ɗauke maka hula, kai kuma in ka yi fushi kai ne abin dariya. Ya zagaya motar yana tafa hannu, ya ce ashe talaucin birni ya kai mutum ya sayar da gida ya koma mota.

Inna ba ta tsaya gaisuwa ba, ta wuce ɗakin yayarta. Na bi ta. Ɗakin ƙasa ne amma an yi masa rufin kwano, zafin ciki kamar an rufe ka a tanda. Iya Delu tana kwance a kan tabarma, ta rame ƙwarai, numfashi yana fita da ƙyar, 'yarta Talatu tana yi mata fifita da mafici. Da ta gane Inna sai ta kama hannunta ta ƙi saki. Na fito, don ba zan iya tsayawa ba.

Kafin in dawo wurin mota, Hudu ya riga ya yi shela cewa bawansa, wato ni, ya kawo wa gari wuta. Na tarar da wayoyi da fitilu da rediyo an jera a kan gadon Inna kamar kasuwa. Na fara bayanin cewa wutar ta magani ce, ya ce ai wayarsa ma ba ta da lafiya. Dattawa suna zaune suna kallo, yawancinsu 'yan'uwan Inna ne. Da wane baki zan hana? Na jona musu, ina murmushin da bai wuce leɓe ba, idona yana kan 'yar fitilar inbata.

A daren Inna ta kwana a mota da fanka, bisa nacina. Ni na shimfiɗa tabarma a waje.

Rana ta biyu: tsakanin rana da inuwa

Kukan inbata ne ya tashe ni, alamar batir ya kusa ƙarewa. Na kashe fanka, na haramta wa kaina butar lantarki, aka dafa mana shayi da kara. A nan na gane kuskuren ƙusoshina. In na ajiye mota a ƙarƙashin darbejiya, faifai ba ya samun rana. In na fitar da ita fili, faifai ya sha rana, amma cikin motar ya zama gidan wuta, firji ya yi ta gurnani yana cinye abin da aka tara. Gaba kura, baya sayaki.

Haka na wuni ina kai mota rana ina dawo da ita inuwa. Na rufe gilasai da buhuna, na jiƙa bargo na lulluɓe firji, na hau rufi na goge faifai har tafin hannuna ya ƙone. Hudu ya kawo kujera ya zauna yana sanar da jama'a duk lokacin da na tayar da inji, wai ku zo ku ga mai kiwon mota zai kai ta ta sha rana. Duk wanda ya tsaya kusa da ni sai ya ji karatun: batirin nan ba zai iya ɗaukar firji da fanka tare har safe ba, dole ɗaya ya haƙura. Na faɗa wa Hudu, na faɗa wa liman, na faɗa wa Inna lokacin da nake yi mata allura.

Bayan azahar zama ya gagare ni. Na hau bayan babur ɗin Hudu muka koma Gwaram neman ƙanƙara. Mun zagaya shago huɗu ko biyar kafin mu samu ƙulli biyu a wurin wani mai janareta. Muka naɗe a buhu da ƙaiƙayi, muka kamo hanya. Kafin mu kai Zandam ruwa yana ɗiga a ƙafata, da muka isa gida abin da ya rage bai fi dunƙulen hannu ba. Hudu ya ce ko ba komai na yi wa hanya ban-ruwa.

Da yamma na sake leƙa Iya Delu. Talatu ta gaya mini rabon da mahaifiyarta ta yi barcin kirki tun shigowar zafi, da an daina fifita sai numfashi ya sarƙe, su kuma hannuwansu sun gaji. Inna ta karɓi maficin tana yi. Ta ce yau a nan za ta kwana, kada in ma fara. Na yi lissafi a raina cewa hakan ya yi mini daidai, tunda fanka za ta huta, firji ya samu batir shi kaɗai. Na rufe mota, na bar makulli a wurin Inna saboda ruwan shanta yana ciki, na tafi ƙofar masallaci inda maza ke shimfiɗa saboda zafi.

Rana ta uku: wayar da ta bi ta taga

Da na dawo daga sallar asuba na nufi mota kai tsaye. Ban ji gurnanin firji ba. Na buɗe, na taɓa kwalaben, ɗumi kamar an ɗauko su daga aljihu. An zare filogin firji, an jona wata doguwar waya a wurinsa, ta fita ta taga. Fanka kuma babu ita.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da na daɗe ban yi ba. Na ce yau wasa ya ƙare, ko ɗan kawu ne ko ɗan sarki. Na hango Hudu yana tahowa, na tare shi da faɗa a gaban mutane, na ce wasan da zai taɓa ran mahaifiyata ba wasa ba ne. Ga mamakina bai rama ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ce in bi wayar kawai.

Na bi ta. Ta ratsa ta ƙarƙashin danga, ta wuce turmi da murhu, an yi mata ƙari biyu da tsumma, ta shiga ɗakin Iya Delu. Fanka tana tsaye a kan kujerar tsugunno, tana juyawa a hankali da sauran ƙarfin batir. Iya Delu tana barci, bakinta a ɗan buɗe, numfashinta yana tafiya daidai. Talatu ma ta yi barci a zaune, mafici a cinyarta. Inna ce kaɗai idonta biyu. Ta ɗaga mini hannu kada in yi magana, ta taso muka fito tsakar gida.

"Ni na sa Hudu," in ji ta. "Kai ka ce ba za su yiwu tare ba."

"Inna, maganinki fa? In ya lalace ba za ki iya zama ba."

"Na sani."

Na shiga kawo dabaru. Na ce zan riƙa zuwa Gwaram kullum, ta ce ta ga ƙanƙarar jiya. Na ce a raba, firji da rana, fanka da dare, ta ce zafin rana ne ya fi kayar da Yaya. Na ce in tayar da inji ya riƙa caji, ta tambaye ni da wane man za mu koma. Na auna sugarta, ya hau fiye da yadda na saba gani, ban kuma san ko maganin ne ya raunana ko wahala ce ba. Na zauna a kan turmi, ido ya raina fata.

"Ɗanlami," ta ce, "kwana biyu ina gefenta ban rage mata komai ba. Wannan abin ya sa ta barci. Ka sauke mata kayan wutar duka, mu tafi."

Na ji kamar in yi kuka. Mako guda ta roƙa, ta sha rami da yashi don shi, ga shi ta bayar da sauran kwanakin da hannunta.

Ƙusoshin da na sa aka ɗaure faifai da su sun ba mu wuya, ni da Hudu muka yi ta fama har hantsi ya ɗaga. Muka jingine faifan a jikin rumbu inda rana ke wuni, muka kai batir da inbata ɗakin Iya Delu. Na nuna wa Talatu yadda ake kunnawa da kashewa, da goge ƙura kowace safiya. Na fara ja wa Hudu kunne kan cajin waya, ya ce in bar wannan a hannunsa, duk wanda ya kawo waya sai ya bi ta kansa. Na ba shi haƙuri kan faɗan safe, ya ce zai rubuta a cikin laifuffukan bawansa.

Sallamar Inna da yayarta ban shiga ba. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta wuce mota ba ta dubi kowa ba.

Komawa Birnin Kudu

Mun taso bayan azahar, a mafi munin lokaci. Babu fanka, babu ruwan sanyi, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin maƙera. Na yi ta waiwaye ina duba Inna, har ta ce in kalli hanya. A Gwaram na tsaya na saya mata ruwa, na jiƙa mayafinta. Na yi mata alkawarin zan nemo batir biyu da sabon faifai mu dawo cikin 'yan kwanaki. Ta ce Allah ya kai mu, da muryar da ta nuna ba ta sa rai ba.

Mai shingen nan na Babaldu ya gane mu, ya tambayi mai jiki, Inna ta ce da sauƙi. Muka shiga Birnin Kudu ana kiran magariba, na wuce da ita asibiti aka duba ta aka ba mu sabon magani, sannan muka isa gida.

Ban gama haɗa kayan komawa ba, ranar Juma'a da hantsi Hudu ya kira. Da na ji ya yi sallama ba tare da tsokana ba na san abin da ya faru. Na kai wa Inna wayar. Ta yi salati, sannan ta yi masa tambaya ɗaya.

"Fankar tana juyawa?"

Ya ce tana juyawa, a cikin barci ma Iya Delu ta cika.

Inna ta ce alhamdu lillahi, ta miƙo mini wayar, ta shiga ɗaki ta ja labule.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa masu amalanken da suka tura mu a rafi, da Talatu, da Hudu wanda ya kwana uku bayan tahowarmu yana gadin wayar fanka. Allah ya jiƙan Iya Delu, ya sanyaya makwancinta.