Ɗigon Randa da Zogalen Kaka

Abubuwa da yawa na shekarar babban fari sun ɓace mini, amma ranar da Inna ta kama ni da ruwa a bayan ɗakin Kaka tana nan daram a raina, kuma ba na jin zan manta ta har ƙarshen rayuwata.

Ina aji huɗu a lakol a lokacin, a wani ƙauye kusa da Cadawa. Ni yarinya ce marar magana. Ko mushe, wato malaminmu, ya yi tambayar da na san amsarta, sai in sunkuyar da kai ina kallon tururuwa. Damina biyu ke nan a jere gero bai yi ido ba. Makiyaya suna wucewa ta bakin garinmu sun nufi wajen Gazawa, shanunsu duk haƙarƙari a waje. Rijiyar gari ta yi ƙasa har sai da aka ƙara wa guga igiya, mace ta yi rabin yini a can ta dawo da tulu ɗaya, shi ma jajir da laka.

A bayan ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, akwai wani ɗan zogale da tsawonsa bai wuce gwiwata ba. Ita ta shuka shi, ta kuma ce kowa a gindinsa zai riƙa alwala, don ruwan da aka ambaci sunan Allah a kansa bai kamata ya tafi a banza ba. Da ruwan alwalarmu yake rayuwa. To da abin ya tsananta, Baba ya tambayi liman, ya dawo ya ce daga yau taimama za mu yi. Abin da ke cikin randa na sha ne da girki, kuma Inna kaɗai za ta riƙa sa moɗa a ciki. Ba wanda ya tuna da zogale sai Kaka, ita kuwa ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Kafin sati ganyensa ya yi rawaya ya fara zuba.

Aikina ne share ƙarƙashin rumfa kafin in tafi lakol. Randarmu tana can zaune kan duwatsu uku. Wata safiya na ga ƙudan zuma biyu suna shiga ƙarƙashinta suna fita. Na kwanta rubda ciki na leƙa. Yashin wurin ya yi duhu, ga wani ɗigo yana taruwa a gindin randa, ya kumbura a hankali, ya faɗo. Na samo fasasshen kasko na tura ciki. Washegari na tarar da kusan rabin ludayi. Tun daga ranar, safe da yamma, nakan kai wa zogale abin da ya taru, in rufe gindinsa da ƙaiƙayi don kada rana ta shanye. Ban gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa nake yi ba, ban dai san yadda zan fara maganar ba ne.

Ranar da Inna ta gan ni, tana dawowa daga rijiya ke nan, wuyanta duk ya sage.

"Ke! Me nake gani haka? Ƙannenki ina auna musu ruwa da moɗa, ke kina shayar da itace?"

Na miƙe tsaye riƙe da kaskon. Baba ya zo da carbi a hannu.

"Ɗiyata, a randa kika ɗiba? Faɗi gaskiya, ba zan buge ki ba."

Na girgiza kai.

"To ina ta samo?" in ji Inna. "Sama ta tsage mata ita kaɗai? Bari in tuge shi kowa ya huta."

Yau da na girma ba na ganin laifinta, ita ta san zafin igiyar guga a tafin hannu. Amma a lokacin, da na ga ta kama zogalen, ji na yi kamar gashin kaina ta kama. Sai muryar Kaka daga bakin ƙofa: "Sake shi tukuna. Ke kuma sarkin shiru, in bakin ya ƙi aiki ai ƙafa tana yi. Kai su inda kika samo."

Na kama hannun rigar Baba na ja shi har rumfa, na mayar da kaskon wurinsa, na nuna da yatsa. Baba ya durƙusa. Inna ma ta durƙusa. Muka zuba wa gindin randa ido, har na fara tsoron kada yau ta ƙi. Can sai ɗigon ya taru, ya faɗo, ƙwal.

"Subhanallahi," in ji Baba. "Shekara nawa ke nan ana ba mu wannan muna barin yashi yana sha?"

Inna ta goge mini fuska da bakin zanenta ta ce, "Ke ma da kin yi magana."

"Ai ta yi," in ji Kaka. "Ku ne ba ku da kunnen jin irin tata."

A ranar Baba ya kwashe duwatsun nan uku ya jera su dab da zogale, shi da Inna suka ciccibi randar suka ɗora, ya kafa mata zana don inuwa. Ba a ƙara bukatar kaskona ba.

Zogalen ya farfaɗo, har ya wuce kaina. Watannin da rumbu ya zama wayam kafin sabon gero ya nuna, ganyensa Inna take dafawa ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli, maƙwabta ma su aiko a tsinka musu. Duk wanda ya zo, sai Kaka ta haɗa masa da 'ya'yan zogalen ya je ya shuka, ta ce ya gode wa Mai bayarwa.

Abin da na koya a gindin randar nan shi ne, godiya ga Allah ba a baki take tsayawa ba. Sai mutum ya sunkuya ya ga abin da aka ba shi, komai ƙanƙantarsa, ya hana shi lalacewa. Yanzu akwai famfo a gidana, amma har gobe da kwano a ƙarƙashinsa, ga zogale uku a gefe. 'Ya'yana suna yi mini dariya. Nakan bar su su gama, sannan in ce wani ya ɗauka ya kai wa zogale.