Hawa na Uku

Har yau Mai Eriya ake ce masa, ko da yake an fi shekara goma rabon da wani ya kira shi ɗaura eriya. Da ita ya fara yana saurayi, ya koma kafa dish na tauraron ɗan'adam, da wannan ma ta ja baya sai ya koyi haɗa waifai a gidaje. Bai yi dogon karatu ba, turancin jikin kwali ma da yatsa yake binsa. Abin da Allah ya ba shi shi ne ƙafa da haƙuri. In ya shiga gida ba ya buɗe jaka sai ya zagaye shi kaf da waya a hannu, ya zauna inda masu gida ke zama, ya rufe ƙofa, ya ƙwanƙwasa bango ya ji ko bulo ne ko kankare. Daga nan ne zai ce rauta ɗaya, wato na'urar da ke watsa waifai, ta isa, ko a sa biyu masu miƙa wa juna sabis, ko kuwa a ja kebul ya bi bango har sama.

Sai gwiwarsa ta dama ta fara cin amanarsa. Shekarun hawa tsani ne suka taru a cikinta.

"Tsoho, gwiwar nan fa ta yi ritaya, kai kaɗai ka rage a ofis," in ji matarsa.

"Ke dai shafa min man, ban ce ki yi jawabi ba."

Ita kaɗai ta sani. In maganar ta fita babu mai sake kiransa gidan bene, kuma masu bene su ne ke buƙatarsa.

Wata Talata wata malamar makaranta ta kira shi gidansu, tsohon bene mai hawa uku, matakalarsa siririya kamar maƙogwaro. Mahaifiyarta na kwance a can sama. A nan ciwon ya kayar da ita, likita kuma ya hana a sauko da ita. Autan tsohuwar yana wata ƙasa, shekara tara ba ta sa shi a ido ba, takardunsa ba za su bar shi ya zo ba.

"Baba, muryarsa tana ji a waya, amma fuskarsa take so," in ji Malama. "Kullum sai ta ce wai ya yi gemu ko bai yi ba. Likita ya ce kada mu ja lokaci."

Ya zagaye ƙasa, ya hau na biyu yana cije leɓe. Da ya kai rabin matakalar ƙarshe sai gwiwar ta riƙe, kamar an buga mata ƙusa. Ya jingina da bango, zufa na bin bayansa. Taki goma sha ɗaya suka rage, ya ƙirga su da ido. Ƙofar sama a buɗe take, ana shara. Ya sa aka kunna rautar gwaji a hawa na biyu, ya ɗaga wayarsa sama iya tsawon hannunsa. Sabis ya cika.

"Ba za ka ƙarasa ba, Baba?"

"Kar mu takura wa mara lafiya. Biyu sun isa, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya. Zai kai mata."

A jakarsa akwai ta uku, da naɗin kebul. Ya bar su a ciki.

Kwana biyu bayan nan Malama ta bugo. Fuskar Auta na fitowa sai ta daskare, baki a buɗe, tsohuwa na ta miƙa hannu. Ya ce ta kashe rautar ta kunna. Washegari ta sake bugowa, ya ce ƙila daga kamfanin intanet ne, a ba su kwana ɗaya. Yana faɗa yana kallon gwiwarsa da ta kumbura kamar ƙwarya. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa, wannan karon ba ta yi masa tsiya ba.

"Ka hau ɗakin kuwa?"

Ya kife wayar a cinyarsa, ya jawo kwalbar man.

Sai ran Litinin kumburin ya ɗan ragu. Ya je, ya hau na biyu, sauran takin kuwa da zama ya yi su, yana jan jiki da baya, jaka a ƙirji. Malama ta kawar da kai don kada ya ji kunya.

Yana isa ya ga abin da da ya gani tun ranar farko. Ƙofar saman ta ƙarfe ce, kullum a rufe saboda hayaniya. Bayanta dogon lungu, sai bangon kankare mai ɗauke da tankin ruwa, sannan ɗakin. Gadon kuma yana maƙale bayan wata ƙatuwar durowar ƙarfe. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon ya duba waya. Ɗigon sabis ɗaya ne, yana zuwa yana ɓacewa.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Ya huda gefen ƙofa, ya ja kebul ya bi lungun, ya kafa rauta ta uku saman taga. Duk wannan ƙarar injin huda bango tsohuwa ba ta motsa ba. Idonta a buɗe yake, yana kallon silin.

"Tun ran Asabar ta daina magana," in ji Malama a hankali.

Ya kunna sabuwar rautar. Ya ce kawai ta gwada.

Bugu ɗaya Auta ya ɗauka. Hoton ya fito tar, har furfura biyu da ke gemunsa ana gani.

"Inna! Inna, ni ne. Ga gemun da kike tambaya, duba, duk ya cinye min fuska."

Malama ta kai wayar daidai idon tsohuwar. Numfashi kawai ke fita.

"Yaya, ni ina ganinta sosai. Ita ce ba ta ganina. Matso da wayar, ko dai sabis ɗin ne har yanzu?"

Malama ta dubi Mai Eriya da ke zaune a ƙasa, sukundireba a hannu, sannan ta mayar da idonta kan wayar.

"Sabis lafiya lau, Auta," ta ce. "Yi ta magana kawai."