Liatu da Ƙwayoyin Wuyanta

Har yau a Ƙarfi ana tuna kayen da Liatu ta sha a hannun Maitama mahauci. Ta tsaya gaban teburinsa ta dage akwai wasu ƙwayoyi a wuyan akuya, ƙanana kamar dawa, don likita ya ce mata kowane mutum na da huɗu. Maitama ya miƙa mata wuƙa ya ce bismilla. Ta tona, ta tsattsaga, ba ta ga komai ba sai kitse. Haka ta kwashi tsummokaran nama kasuwa na dariya, mijinta Amos ya sha miyar bincike har ta ginshe shi.

Ba taɓuwa ta yi ba. Kafin nan an cire mata maƙoƙo a Zariya, wuƙa ta haɗa da ƙwayoyin. Tun daga ranar yatsunta ke ƙandarewa, ga shi kaɗin auduga ne sana'arta, ta ɗauki mazari ya suɓuce. Likita ya ce ƙwayoyin ne ke aika wa ƙashi saƙo ya saki sinadarin kalsiyam idan ya yi ƙaranci a jini, yanzu sai shan magani iyakar rai. Da wata ce sai ta ce to. Ita kuwa cewa ta yi, su wa ke gaya musu lokacin aike? Likita ya duba agogo.

Ta yi wa fasto tambayar, ta yi wa malamin asibiti, har mai awon auduga bai tsira ba. Sai bayan an ba Katsina jiha Yunis, ɗan ƙanenta, ya zo hutu daga jami'a da ɗan abin faɗa. Ya ce yadda ake haɗa saƙon a rubuce yake cikin ƙwayoyin, akwai kuma wasu sinadarai da ke hawa kan rubutun, wani ya buɗe a karanta, wani ya danne. Ko bitamin da rana ke sa jiki ya yi yana da hannu a dannewar.

"To su kuma wa ke tashinsu?"

"Gwaggo, nan masanan ma suke tono."

Daɗi ya kama ta, ta ƙara masa tuwo.

Ana nan Rahab, yayar Amos, ta lura hannun Liatu ya daɗe bai murɗe ba. Ta sa su gaba wai waraka ta zo, shan magani kullum ƙarancin bangaskiya ne. Amos, wanda shi ke hawa keke ya karɓo maganin a Malumfashi, har ya fara gyaɗa kai, dama gwiwa ta dame shi. Liatu ta dubi zaren da ke hannunta, ta bar Rahab ta kai aya.

"Yaya, masu aikin nan a Zariya na baro su. In za ki shiga wuyana ki kama aikinsu, yau ɗin nan zan zubar da maganin."

Rahab ta nemi takalminta. Amos ya tashi duba iskar keke.